Nazarin Lamari: Asus Eee PC 701 da Iyakar Ƙanƙantar Kwamfutar Tafi-da-gidanka

A watan Yuni na shekarar 2007, a bajekolin kayan kwamfuta na Computex da ake gudanarwa duk shekara a birnin Taipei na Taiwan, kamfanin Asus ya fito da wata 'yar ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka, ya kuma ce farashinta zai fara ne daga dalar Amurka 199. An raɗa mata suna Eee PC, harafin E sau uku, domin nuni ga sauƙin koyo da sauƙin aiki da sauƙin wasa. Ta shiga kasuwar Taiwan a watan Oktoba na wannan shekarar, daga nan ta wuce Amurka da Turai, sai dai samfurin da ya fi shahara, wato 701 mai ma'adanar gigabait 4, an sayar da shi ne a kan dala 399, ninki biyu ke nan na abin da aka fara ambatawa. Wannan bai hana mutane rububinta ba, domin kafin shekarar ta ƙare an sayar da fiye da guda 300,000, kuma cikin 'yan watanni kusan duk wani babban kamfanin kwamfuta ya shiga ƙera irinta.

Na zaɓi wannan kwamfuta ce domin ba kasafai ake samun na'urar da aka kai kowane sashe nata maƙura wajen ragewa kamar ita ba. An rage nauyi, an rage fuska, an rage madannai, an rage ma'adana, an rage farashi, duk a lokaci guda. Saboda haka duk wanda ke son fahimtar inda ragi ke amfanar mai kwamfuta da inda yake cutar da shi, zai ga amsar a fili a jikinta, kuma kasuwa da kanta ta yanke hukunci a kan kowane ragi cikin ƙasa da shekara biyu.

Halin da ta tarar

A wancan zamani, kwamfutar tafi-da-gidanka da mai matsakaicin ƙarfi ke iya saya ita ce mai fuskar inci 15 da ɗoriya, wadda nauyinta ke kaiwa kilo biyu da rabi zuwa uku, ban da cajarta mai kauri da doguwar igiya. Wanda ya taɓa rataya irinta a kafaɗa tun safe har la'asar ya san abin da take yi wa wuya da gadon baya. Marasa nauyi suna nan, kamar Vaio TZ ta kamfanin Sony mai fuskar inci 11.1, amma kuɗinsu yakan kai dala dubu biyu ko ya wuce, don haka sai manyan ma'aikatan kamfanoni masu yawan hawa jirgi ne ke riƙe su. Ƙa'idar kasuwa a lokacin ita ce, duk giram ɗin da aka cire wa kwamfuta sai mai saye ya biya kuɗinsa.

Abin da ya fara girgiza wannan ƙa'ida wani shiri ne na ilimi. A shekarar 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT da ke Amurka ya sanar da aniyar samar wa yaran ƙasashe masu tasowa kwamfuta a kan dala 100, aka kuma nuna samfurinta na farko a birnin Tunis a watan Nuwamba na shekarar, tare da Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin. Kwamfutar da aka ƙera daga bisani, mai suna XO, ba ta sauko dala 100 ba, ta tsaya ne a kusan ninki biyu, amma an gwada ta a makarantu a ƙasashe da dama, ciki har da wata firamare a Galadima da ke gefen Abuja a shekarar 2007, yayin da kamfanin Intel ya gwada tasa mai suna Classmate a wata sakandare a Jabi. Eee PC ta bi wannan sawu ne, illa dai ita kanti ta nufa kai tsaye, inda kowa zai iya zuwa da kuɗinsa ya ɗauka ba sai ta hannun ma'aikatar ilimi ba.

Abin da aka ajiye da abin da aka cire

Nauyin 701 giram 920 ne, wato bai kai ledar fiya-wata biyu ba. Faɗinta santimita 22.5, zurfinta 16.5, ta ɗan ɗara rabin takardar A4 kaɗan, kaurinta kuwa yana kaiwa santimita uku da rabi ta baya inda batir yake. Fuskarta inci 7 ce, mai ɗigo 800 a kwance da 480 a tsaye. Ƙwaƙwalwarta Celeron M ce ta Intel wadda aka ƙera don gudun megahaz 900, amma aka rage mata zuwa 630 domin a sassauta zafi da cin batir. Tana da RAM, wato wurin riƙe aikin da ake kai na wucin gadi, megabait 512, da ma'adana gigabait 4 irin ta filas wadda ba ta da faifai mai juyawa. Babu na'urar karanta faifan CD ko DVD a jikinta.

Sai dai akwai wani abin da ya cancanci yabo wanda ake yawan mantawa da shi, shi ne ba a yi rowar kafofin haɗi ba. An saka mata kafar USB har uku, da kafar igiyar intanet, da kafar VGA ta haɗa babbar fuska ko na'urar haska bango, da ramin katin SD, da Wi-Fi, da 'yar kyamara a saman fuska. Malami ko ma'aikacin da zai gabatar da bayani a ɗakin taro zai iya jona ta da na'urar haskawa ba tare da neman wata mahaɗa ta dabam ba, abin da kwamfutoci masu tsada da yawa na yau ba sa iya yi.

Gwajin ɗauka

Idan ana maganar ɗauka kawai, 701 ta ci jarrabawa da maki mai yawa. Tana shiga jakar hannu ta mata, tana shiga tsakanin littattafai a jakar ɗalibi, ana iya riƙe ta da hannu ɗaya a tsaye ana nuna wa wani abu a fuskarta. Cajarta ma ƙarama ce, irin wadda ake sokawa kai tsaye a soket kamar ta wayar hannu, ta dai ɗan fi ta girma. Wannan batu na caja ya fi muhimmanci fiye da yadda masu talla ke nunawa, domin nauyin da ake rubutawa a kwali na kwamfutar ce tsirarta, alhali kafaɗa tana ɗaukar kwamfuta da caja da igiya da jaka baki ɗaya. Akwai kwamfutar da za a ce kilo ɗaya da ɗan kai ce, amma cajarta kaɗai ta doshi rabin kilo.

Ma'adanarta marar faifai ita ma ta ƙara mata ƙarfin jure tafiya. Faifan ajiya irin na da yana juyawa ne sau dubbai a minti guda, da wani ɗan hannu mai karatu da ke shawagi a samansa ba tare da taɓa shi ba, don haka faɗuwa ɗaya ko girgiza mai ƙarfi yayin da yake aiki tana iya lalata bayanan shekaru. Ma'adanar filas ba ta da abin da ke motsi, ba ruwanta da gargadar hanya. Ga wanda zirga-zirgarsa a kan babur take ko a cikin A Daidaita Sahu, wannan ba ƙaramar garkuwa ba ce. Haka kuma takan tashi daga kashe zuwa shirye cikin ƙasa da rabin minti, a zamanin da kwamfutoci masu Windows Vista ke sa mutum dogon jira kafin ya buɗe ko da wasiƙa ɗaya.

Inda ta fara rauni shi ne batir. Batirin mai ɗauri huɗu ne, kamfanin ya ce yana kaiwa kimanin awa uku da rabi, masu gwaji kuma sun riƙa samun awa uku ko ƙasa da haka idan Wi-Fi na kunne. Dalili a bayyane yake: Celeron M ba ta da tsimin wuta sosai, an ɗauko ta ne saboda araha, kuma rage mata gudu bai mayar da ita mai tattali ba. Ko an rufe murfi an bar ta tana barci, batirin yakan ci gaba da zuƙewa fiye da yadda ya kamata, ta yadda wanda ya rufe ta da dare bai kashe ba yana iya wayar gari da ɗan abin da ya rage. Ga kuma ɗumi, domin farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin madannai shi ne ke kwashe zafin ƙwaƙwalwa, sai yatsu su riƙa jinsa bayan an ɗan jima ana aiki.

A ganina, a nan ne ya kamata a gyara ma'anar da ake ba sauƙin ɗauka. Kwamfutar da za a iya kaiwa ko'ina amma ba za ta yi nisa da soket ba, rabin 'yanci ta ba mai ita. Awa uku ba ta fi tafiyar mota daga Kano zuwa Kaduna ba. A Taipei ko Landan, inda kowane ɗakin karatu da kowane shagon shayi ke da wuta dare da rana, ana iya haƙuri da wannan gazawa, amma a garin da za a ɗauke wuta tun hantsi ba a san lokacin dawowarta ba, tsawon ran batir yana gaba da nauyi a jerin abin dubawa, kuma da yawa daga cikinmu za su yarda su ƙara ɗaukar giram ɗari biyu ko uku idan hakan zai ninka musu awannin aiki.

Gwajin aikin yau da kullum

Duk wanda ya buɗe murfin 701 abin da zai fara gani shi ne baƙin gefe mai faɗi da ya kewaye fuskar, inda aka dasa lasifika biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Murfin yana da filin da zai ɗauki fuska mai kusan inci tara, amma aka saka ta inci bakwai domin ita ce mai araha a lokacin. Fuskar kanta ba ta da laifi ta fuskar haske, kuma ba mai ƙyalli ba ce da za ta riƙa mayar wa mutum da hoton taga. Matsalar tana ga yawan ɗigo.

A shekarar 2007, yawancin shafukan intanet an tsara su ne don fuska mai faɗin ɗigo 1024. Fuskar da ke da 800 kawai ba za ta nuna shafin gaba ɗaya ba, sai mai karatu ya riƙa jan shafin dama da hagu a kan kowane layi, ko kuma ya ƙanƙanta rubutun har ido ya fara ruwa. Tsayin 480 kuwa ya fi wannan tsanani. Idan aka cire layin sunan manhaja a sama, da layin zaɓuɓɓuka, da layin alamomin aiki, da wanda ke kwance a ƙasa, abin da ke saura ga rubutun kansa layuka ne 'yan kaɗan, ta yadda mai rubuta rahoto ba zai ga sakin layi ɗaya cikakke a gabansa ba, balle ya gwama shi da wanda ya gabace shi. Mai aikin lissafi a jadawali zai ga ginshiƙai kaɗan ne a lokaci guda, ya manta kan ginshiƙin da yake ciki kafin ya kai ƙasa.

Abin da ya fi ci wa masu amfani da ita tuwo a ƙwarya shi ne akwatunan tambaya da manhajoji ke fitarwa, kamar na ajiye fayil ko na sauya saiti. An zana yawancinsu da zaton fuska ta fi haka tsayi, sai maɓallin amincewa da na sokewa su faɗa ƙasan fuska inda ba a ganinsu. Dabarar da aka koya wa juna ita ce a danne maɓallin Alt sannan a ja akwatin sama da yatsa har maɓallan su bayyana. Dabara ce mai aiki, amma kwamfutar da aka tallata da sunan sauƙin koyo bai kamata sabon shiga ya buƙaci sirri irin wannan kafin ya ajiye wasiƙarsa ba.

Sai madannai, waɗanda a nan ne hukuncin kowace ƙaramar kwamfuta yake. A cikakken allon madannai, tazarar da ke tsakanin tsakiyar maɓalli da tsakiyar na kusa da shi milimita 19 ce, kuma a kan wannan awo ne hannun duk wanda ya koyi buga rubutu da yatsu goma ya saba. A 701 tazarar kimanin milimita 16 ce. Bambancin milimita uku a ido ba komai ba ne, amma idan aka jera maɓallai goma a layi ya zama santimita uku, wanda ke nufin dole tafin hannu biyu su matsu da juna, yatsu su takure, kafaɗu su ranƙwafo ciki. Yaro ko mai siraran yatsu yakan saba cikin kwanaki. Babban mutum mai kaurin yatsa kuwa zai riƙa danna harafi biyu a bugu ɗaya, ya koma gogewa, har saurin da yake taƙama da shi ya zube. An kuma ƙanƙantar da maɓallin Shift na dama aka tura shi bayan kibiyar sama, ta yadda mai neman babban baƙi sau da yawa yakan danna kibiya, alamar rubutu ta haura layin sama, ya ci gaba da bugawa a tsakiyar jimlar da ya riga ya gama.

Ga mai rubutun Hausa akwai ƙarin nauyi a nan. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba su da maɓallan kansu a allon da aka tsara don Turanci, sai an haɗa maɓalli biyu ko an yi wata dabara kafin su fito, ga kuma alamar hamza da ke yawan zuwa a kalmomi irin su ma'ana da sa'a da 'ya'ya. Duk allon da ya matse maɓallan gefe ya fi cutar da mai rubuta Hausa fiye da mai rubuta Turanci, domin mu ne muka fi yawan kai yatsa can.

Wurin shafa yatsa da ke maye gurbin linzami shi ma ɗan ƙarami ne, maɓallinsa guda ɗaya mai tauri da ake danna gefen hagu ko na dama. Mutane da yawa sun ƙare da sayen ƙaramin linzami na USB. Ma'adanar gigabait 4 kuwa, babbar manhaja da sauran manhajojin da aka zuba sun cinye fiye da rabinta tun daga masana'anta, abin da ya rage bai kai gigabait ɗaya da rabi ba, don haka sai an ƙara katin SD ko filas. Idan aka lura za a ga wani abu yana maimaita kansa: duk abin da aka cire daga jikin kwamfutar alhali mai ita yana buƙatarsa kullum, yakan dawo ne ta ƙofar baya ya shiga jaka a matsayin kaya na dabam, da igiyarsa da nauyinsa da yiwuwar a manta shi a gida. Cire na'urar DVD bai dami kowa sosai ba domin ba kullum ake buƙatarta ba. Rage abin da ido ke kallo da abin da yatsa ke taɓawa shi ne ragin da ake biyan kuɗinsa a kowane minti na aiki.

Ta ɓangaren manhaja, ta zo da wani nau'in Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, mai suna Xandros, wanda aka shirya shi da manyan alamomi a ƙarƙashin rukunoni shida, kamar intanet da aiki da koyo da wasa. Akwai Firefox na shiga intanet, da OpenOffice na rubutu da jadawali, da Skype na kira. Ga wanda bai taɓa riƙe kwamfuta ba, wannan tsari ya fi Windows sauƙin ganewa, kuma ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke yawo a filas a lokacin ba sa kama shi. Amma da zarar mutum ya so ƙara wata manhaja da ba ta cikin jerin, ko ya jona na'urar buga takarda ko modem ɗin da aka yi wa Windows kaɗai, sai ya ci karo da bango. Masu saye da yawa sun goge Linux sun ɗora Windows XP da kansu, wanda hakan ke buƙatar aron na'urar DVD ta waje ko shirya filas ta musamman, kuma a farkon 2008 Asus da kansa ya fara sayar da ita da XP a ciki.

Hukuncin kasuwa

Ba sai an yi dogon musu a kan waɗanne ragi ne suka wuce gona da iri ba, domin jerin samfuran da suka biyo baya ya nuna komai. A watan Afrilu na 2008 aka fito da Eee PC 900, jikinta kusan ɗaya da na 701, amma fuskar ta koma inci 8.9 mai ɗigo 1024 a kwance da 600 a tsaye. Daga ɗigo 384,000 zuwa 614,400 ƙari ne na kashi sittin cikin ɗari, kuma nauyin bai kai kilo ɗaya ba har yanzu. Wannan ya tabbatar da cewa ƙaramar fuskar farko ba larurar ɗauka ce ta kawo ta ba, tsimin kuɗi ne. Bayan wata biyu sai ga 901 da sabuwar ƙwaƙwalwar Atom N270 mai gudun gigahaz 1.6, wadda Intel ya ƙera musamman don tsimin wuta, tare da batir mai ɗauri shida, aka kusan ninka awannin aiki, nauyi ya ɗan haura kilo ɗaya. A daidai wannan lokaci kuma aka fito da jerin 1000 masu fuskar inci 10 da madannai masu kusan kashi 92 cikin ɗari na cikakken girma, kuma samfurin 1000H mai faifan ajiya ya kai kilo 1.45.

Wato cikin ƙasa da shekara guda, kamfanin da ya yi suna da giram 920 ya ƙara fiye da rabin kilo a kan kwamfutarsa, masu saye kuma suka bi shi da murna. Abokan hamayya ma can suka dosa. HP ya fito da 2133 Mini-Note da manyan madannai tun farko, MSI ya kawo Wind mai inci 10, Acer ya kawo Aspire One, Samsung ya kawo NC10. Zuwa 2009 kusan dukansu sun zama abu ɗaya: fuskar inci 10, Atom, RAM gigabait ɗaya, faifan gigabait 160, da Windows XP. Mai inci bakwai ta ɓace daga kanti.

Wannan kamanni ba haka kawai ya faru ba. Microsoft ya tsawaita sayar da XP mai rahusa ga irin waɗannan ƙananan kwamfutoci bisa sharaɗin kada kayan cikinsu su wuce wani iyaka, ciki har da RAM gigabait ɗaya, don haka kamfanonin suka tsaya cik a wuri ɗaya yayin da shafukan intanet da bidiyo ke ƙara nauyi kowace shekara. Da iPad ta fito a 2010, wayoyin zamani kuma suka ƙara girman fuska, sai aikin da ƙaramar kwamfuta ta fi iyawa, wato leƙa intanet da duba saƙo a hanya, ya koma aljihu. Aikin da ya rage mata shi ne rubutu da lissafi, inda tun asali take da rauni. A ƙarshen 2012 Asus ya daina ƙera Eee PC.

Wata hanyar da aka bi

Wata uku kacal bayan fitowar 701, a Janairun 2008, Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple na lokacin, ya zaro MacBook Air ta farko daga cikin ambulan ɗin ofis a gaban jama'a. Matsala ɗaya kamfanonin biyu suka tunkara, amma Apple ya yi ragin a wani wuri dabam. Ya bar fuska inci 13.3 da cikakkun madannai, ya rage kauri, ya cire DVD da kafar igiyar intanet, ya bar kafar USB ɗaya tal, nauyi ya tsaya a kilo 1.36. Farashinta dala 1,799 ne, fiye da ninki huɗu na 701, kuma samfurin farkon yana da nasa matsalolin na zafi da jinkirin faifai, don haka ba adalci ba ne a ɗora su a sikeli ɗaya ta fuskar kuɗi. Amma siffar da ta rayu har yau ita ce wannan: siririya, mai faɗin da zai ɗauki hannu biyu.

Kowane allazi da nasa amanu, domin Apple ma ya taɓa zarce iyaka. A 2015 ya fito da MacBook mai inci 12 wadda nauyinta giram 920 ne, daidai da na 701, da fuska mai ɗigo fiye da ninki takwas na tata, ba fanka, ga batirin da ke kai mutum yini. Don a kai ga wannan sirantaka sai aka ƙera sababbin madannai masu ɗan gajeren nitso, waɗanda ƙura kaɗan ke iya shiga ƙarƙashinsu ta maƙale harafi ko ta sa ya riƙa fita sau biyu. Kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta a 2018, ya kuma daina sayar da samfurin a 2019. Mai zaune a inda hunturu ke lulluɓe komai da ƙura wata uku a shekara ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan abin da irin waɗannan madannai za su fuskanta a hannunsa.

Wanda ta dace da shi

Hukuncina a kan 701 shi ne, kwamfuta ta biyu ce mai kyau, amma ba ta isa ta zama kwamfutar mutum ɗaya tilo ba. Ɗan jarida da ke son aika gajeren rahoto daga wurin taro, ko injiniyan da ke jona igiya ya duba na'urar sadarwa, ko yaron da ke fara koyo, duk sun sami abin da suke so a farashin da ba a taɓa gani ba. Ɗalibin da zai rubuta kundin kammala digiri mai shafi tamanin, ko akawun da zai yini a kan jadawali, ya sayi wahala ne da kuɗinsa. Wannan bambanci yana da nauyi a wurinmu fiye da ƙasashen da aka ƙera ta dominsu, saboda a can yawancin masu sayenta suna da babbar kwamfuta a gida, mu kuwa wanda ya tara kuɗi ya sayi ɗaya, ita ce ta ofis, ita ce ta makaranta, ita ce ta yara.

Har yau ana cin karo da jikokinta a cikin kwamfutocin gwanjo da ake kira tokumbo ko Beljiyam, a kasuwanni irin su Farm Centre a Kano, tare da sababbin masu araha da suka gaji halinta, masu RAM kaɗan da ma'adanar gigabait 32 da aka liƙe a allon ciki ba a iya sauyawa. Wanda zai saya ya zauna a shagon ya buga cikakken shafi ɗaya na rubutunsa, har da haruffa masu lanƙwasa, ya ƙirga sau nawa ya koma gogewa. Ya buɗe shafin rajistar makaranta ko na banki ya ga ko maɓallin ƙarshe yana bayyana ba tare da dabara ba. Ya ɗaga kwamfutar tare da cajarta a hannu ɗaya. Idan Windows ce ta zamani, akwai umarnin powercfg /batteryreport da ke fitar da rahoton abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da yake iya ɗauka yanzu, wanda ya fi rantsuwar mai shago amfani.

Masu Atom N270 ba za su ɗauki Windows 11 ba, domin ƙwaƙwalwar mai bit 32 ce, ita kuwa Windows 11 tana buƙatar mai bit 64, da RAM gigabait 4, da ma'adanar gigabait 64 aƙalla, sannan Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Mai inci goma da ke da lafiyayyun madannai, idan aka ɗora mata Linux marar nauyi aka sauya mata batir, za ta iya ci gaba da aikin buga takardu da koyar da yara rubutu. Mai inci bakwai kuwa ko a wannan aikin ba na ba da shawararta, domin yaron da hannunsa ya saba da tazarar milimita 16 sai ya sake koyo ranar da aka zaunar da shi gaban cikakken allo a makaranta ko a wurin aiki.